Daga Marina Zuwa Ɗakin Gwaji: Koyon Ilmin Sinadarai a Manyan Azuzuwan Sakandare



Gabatarwa

Lalle wasu daga cikinku za su yi mamakin ganin malamin Hausa ya tashi zai yi lacca a kan ilmin sinadarai, watau darasin nan da ɗalibai ke kira kemistiri, har su ce me ya haɗa kifi da kaska. Abin da ya haɗa su shi ne harshe. Duk wani ilmi da za a koya wa yaro, da magana za a koya masa shi, kuma in maganar ba ta shiga ba, ilmin ba zai zauna ba. Ban zo don in koya wa malaman kimiyya aikinsu ba, domin kowa da kiwon da ya karɓe shi. Na zo ne da ra'ayi guda ɗaya don mu tattauna a kansa. Ra'ayin kuwa shi ne, da yawa daga cikin ɗalibanmu na shekaru uku na ƙarshen sakandare haddace wannan darasi suke yi ba tare da sun gane shi ba, alhali kuwa sun baro abin da zai taimake su ganewa a gida, a madafa da marina da majema. Aikin da ke gabanmu shi ne mu haɗa musu abin da suka sani da abin da ake so su sani, sa'an nan mu ɗora musu abin da gida bai ba su ba, watau awo da lissafi.

Zan fara da matsayin darasin, sa'an nan in duba inda wahalarsa take, da abin da ɗalibi ya zo da shi daga gida, da iyakar wannan sani na gida, da batun kalmomi. A ƙarshe zan ba da shawarwari.

1. Matsayin Darasin

Waɗanda suka yi sakandare kafin tsakiyar shekarun 1980 za su tuna cewa a da yaro yakan yi shekara biyar ya ɗauki jarrabawar fita, sa'an nan in yana neman jami'a ya ƙara shekara biyu a aji shida, inda yakan zaɓi darussa uku ya zurfafa a cikinsu, ya ɗauki jarrabawar HSC. Da aka soma aiki da tsarin 6-3-3-4 a 1982 sai aka raba sakandare gida biyu, ƙarama shekara uku, babba shekara uku, aka kuma yi jarrabawar kammala babbar sakandare ta farko a 1988. Ke nan yaron da bai wuce shekara goma sha takwas ba, wanda ke fama da darussa takwas ko tara a lokaci guda, shi ake so ya shiga jami'a kai tsaye da abin da ya samu a waɗannan shekaru uku.

A cikin darussan nan, ilmin sinadarai ƙofa ne. Mai son zama likita, ko mai haɗa magunguna, ko likitan dabbobi, ko malamin gona, ko injiniya, ba shi da wata hanya sai ta cikinsa. Alal misali, mai neman karatun likita, in ya zo ɗaukar jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, darussa huɗu zai amsa: Ingilishi, da ilmin halittu, da fiziks, da ilmin sinadarai. Jarrabawar WAEC kuwa takarda uku ce a wannan darasi: ta zaɓen amsa, da ta rubuta bayani, da ta gwaji da hannu. Saboda haka duk yaron da wannan ƙofa ta rufe masa, ƙasa ta yi asarar likita ko injiniya tun bai san ya yi asarar kansa ba.

Magabatanmu sun ga wannan tun tuni. A 1977 gwamnatin Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandare na kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ana zaɓo musu yara ta hanyar jarrabawa, domin maganin ƙarancin likitoci da injiniyoyi 'yan asalin jihar. Duk wanda ya shiga asibitocinmu da jami'o'inmu ya san irin mutanen da waɗannan makarantu suka yaye. Wannan ya isa shaida cewa ƙwaƙwalwar yaranmu ba ta gaza ba. In an ga gazawa, to, a nemi dalilinta a wani wuri.

2. Inda Wahalar Take

Wani malamin Jami'ar Gilasgo da ke Sikotilan, Alex Johnstone, ya yi bayani a 1982 cewa mai koyon ilmin sinadarai a matakai uku yake tunani a lokaci guda. Akwai abin da ido ke gani, akwai abin da ido ba ya gani, akwai kuma alamomin da ake rubutawa. Mu ɗauki gishiri a cikin ruwa. Ido ya ga an zuba gishiri an motsa, ya ɓace. Abin da ido bai gani ba shi ne yadda ƙwayoyin ruwa suka kewaye ƙwayoyin sodiyam da na kulorin suka raba su, kowace ta shiga yawo ɗauke da cajinta na lantarki. A kan allo kuwa sai a rubuta NaCl. Malami, da yake ya saba, yakan yi tsalle daga wannan mataki zuwa wancan a cikin jimla guda bai ma lura ba, ya bar ɗalibi a baya.

Wannan wahala ce ga ɗan Ingila wanda ake koya masa da harshen da ya tashi da shi. Ɗan Bahaushe kuwa an ƙara masa kaya na huɗu, domin sai ya kwance Ingilishin tukuna kafin ya kai ga sinadaran. Haka ɗan'uwansa na Maraɗi ko Damagaram yake fama da Faransanci. Har ila yau, kalmomin da ya riga ya koya sukan yaudare shi: kalmar da littafinsa ke kiran ruwan da aka narkar da abu a cikinsa, ita ce dai kalmar da malamin lissafi ya koya masa da ma'anar amsar tambaya.

To, yaron da kaya suka yi wa yawa yaya zai yi? Sai ya koma ga makamin da ya fi ƙwarewa da shi, watau hadda. Hadda abu ne mai daraja, kuma a wannan darasi ma akwai abin da dole a haddace. Amma in ta tsaya ita kaɗai, illarta uku ce. Da zarar an sauya fasalin tambaya sai ɗalibi ya rikice. Bayan jarrabawa da 'yan watanni sai abin ya zube. Mafi muni kuma, ko ya ci jarrabawar, zai shiga jami'a da takarda mai kyau da kai wanda babu kome a ciki, a can ne asiri zai tonu.

Ku dubi jadawalin sinadarai na asali wanda Dmitri Mendeleev na Rasha ya tsara a 1869. A yau sinadarai 118 ne a cikinsa, kuma za ka ga yara suna rera na farko-farkon kamar karatun allo. Shi kuwa mai jadawalin, saboda ya gane tsarin da ke ƙarƙashinsa, har gurabu ya bari babu kome, ya ce akwai sinadaran da ba a gano ba tukuna, ya kuma faɗi siffofinsu. Aka gano galiyam a 1875, aka gano jamaniyam a 1886, suka zo daidai da abin da ya hanga. Bambancin hadda da ganewa ke nan.

3. Abin da Ɗalibi Ya Zo da Shi Daga Gida

Bahaushe na cewa kanwa ta kar tsami, ƙwannafi ya kwanta. Ina roƙon malaman kimiyya su tsaya su duba wannan karin magana da kyau, domin babi guda ne na manhajar aji ɗaya na babbar sakandare. Tsamin da ke cikin tsamiya da lemon tsami da yakuwa shi ne asid. Kanwa kuwa tana cikin rukunin da ake kira alkali, wanda ba shi da dangantaka da alƙalin kotu. Kalmar ta samo asali ne daga sunan da Larabawa ke kiran tokar wasu tsire-tsire. In asid ya gamu da alkali sai su kashe juna, a sami wani irin gishiri da ruwa. Duk yarinyar da ta taɓa ganin uwarta ta jefa 'yar kanwa a miyar yakuwa ta ga wannan da idonta, ta ga kumfar da ke tasowa, wadda iskar kabon dayoksaid ce ke fita. Kunun tsamiya da kunun kanwa, ga asid ga alkali a kwano biyu.

Haka kuma ruwan zoɓo. Matsa masa lemon tsami, jansa ya ƙara haske; zuba masa ruwan kanwa, ya rikiɗe ya yi duhu ya karkata zuwa kore. Wannan shi ne aikin da takardar gwajin asid ke yi a ɗakin gwaji, ga shi kuwa ana sayar da zoɓo a kowace kasuwa.

Mu je marina. A karofin Ƙofar Mata a Kano, wanda ake cewa yana nan tun 1498, marini yakan zuba baba da toka da katsi a rijiyar rini, ya bar su kwanaki suna ruɓa yana motsawa. In ya tsoma zane ya fito da shi, da fari kore-kore yake fitowa, sai ya sha iska sa'an nan ya koma shuɗi a kan idon mai kallo. Me ya faru? Shuni ba ya narkewa a ruwa, don haka ba zai shiga zare ba. A cikin rijiyar, toka ta mai da ruwan alkali, ƙananan halittun da ke ruɓar da ganyen suka cinye iskar oksijin, suka kuma sa kowace ƙwayar shuni ta karɓi elaktaron biyu, ta zama wani abu mai narkewa wanda ke ratsa zare. Da aka fito da zanen, oksijin na iska ya ƙwace elaktaron ɗin, shuni ya koma yadda yake, ya maƙale a cikin zaren ba ya fita. Wannan karɓa da bayarwa ta elaktaron ita ce babin oksideshan da ridakshan wanda ke kayar da ɗalibai a aji biyu. Yaro ya haddace ma'anarsu da Ingilishi, bai san cewa su ne ya wuce a hanyarsa ta zuwa makaranta ba.

Misalan ba su ƙare ba. Mai sabulun salo tana dafa ruwan toka da mai, abin da Michel Chevreul na Faransa ya bayyana sirrinsa a 1823, cewa alkali ne ke farfasa mai ya fitar da sabulu da gilisarin. Majemi yana jiƙa fata a ruwan bagaruwa, sinadarin da ke cikin bagaruwar ya kama naman fatar ya hana ta ruɓewa. Maƙeran da, da suke narka tama da gawayi, suna raba ƙarfe da oksijin ne, daidai da abin da babbar tanderun masana'anta ke yi. Mai tace ruwa da alif ma haka. Ɗalibinmu bai zo aji hannu rabbana ba.

4. Iyakar Sanin Gida

A nan sai mu yi hattara, kada son abin namu ya sa mu wuce gona da iri. Marini ya san yadda ake yi, amma bai san dalilin da ya sa yake yiwuwa ba, kuma da ido da ɗanɗano da ƙwarewa yake awonsa. Abin da ya mai da sana'a ta zama kimiyya shi ne ma'auni. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar rini da saƙa su ne ƙashin bayan arzikin birnin, ana kai bajakkun kayanta har Tambutu da Tarabulus. Ba a yi shekara hamsin ba, Adolf von Baeyer na Jamus ya gano yadda ƙwayar shuni take a 1883, kamfanin BASF kuma ya fara sayar da shunin masana'anta a 1897. Manoman baba na Indiya suka durƙushe, daga baya guguwar ta iso marinanmu. Mu muka daɗe muna rini, su suka auna.

Saboda haka babin da ya fi kowanne muhimmanci ga ɗalibi shi ne na mol, wanda kuma shi ne aka fi tsoro. Ga yadda za a iya shigar da shi. A zamanin da ake ciniki da wuri, attajiri ba ya faɗin dukiyarsa da wuri ɗaya-ɗaya, sai ya ce ƙeso kaza, kowane ƙeso kuwa wuri 20,000 ne. To, mol ƙeson masana sinadarai ne, sai dai abin da ke cikinsa ya kai kimanin 6 da sifiri 23 a bayansa. Da yake ba mai iya ƙirga ƙwayoyin atam da hannu, sai a ƙirga su da sikeli: giram 18 na ruwa, watau babban cokali guda da 'yar ɗoriya, mol ɗaya ne na ƙwayoyin ruwa.

Ga amfanin wannan ga ma'aikacin gona da ke zaune a nan. Takin yuriya ana rubuta shi CO(NH2)2. Nauyin kabon 12, oksijin 16, naitirojin biyu 28, haidirojin huɗu 4, jimla 60. Ke nan naitirojin kashi 28 ne cikin 60, watau kimanin kashi 46 cikin ɗari, lambar da kuke gani a jikin buhu. Buhu mai kilo 50 yana ɗauke da naitirojin kilo 23. Buhun NPK 15:15:15 mai wannan nauyi kuwa kilo 7 da rabi kawai yake da shi. Wanda ya gane wannan lissafi ba za a sayar masa da taki da ka ba, kuma zai iya gaya wa manomi buhu nawa gonarsa ke bukata. Lissafin ɗan aji ɗaya ne.

Rashin wannan ilmi kuwa har rai yake ci. A 2010 aka gano cewa yara suna mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Duwatsun da ake haƙowa don neman zinariya suna cike da dalma, ana kawo su cikin gida ana daka su ana niƙa su, ƙurar tana sauka a ƙasar da yara ke rarrafe. Yara fiye da 400 suka rasu, wasu dubbai kuma aka yi musu magani. Mutanen nan sun san zinariya, sun san dalma, amma ba wanda ya gaya musu da harshen da suke ji cewa ƙurar da ba ta da wari ba ta da ɗaci tana iya lalata ƙwaƙwalwar yaro. Haka nan iskar kabon monoksaid da janareta ke fitarwa, wadda ba a gani ba a jin warinta, take kashe iyali a ɗaki rufe. Ɗalibin da ya gane darasinsa, ya kuma iya faɗinsa da Hausa, shi ne zai tsaya tsakanin ƙauyensu da irin wannan masifa.

5. Batun Kalmomi

Sau da yawa akan ce Hausa ba ta da kalmomin da za a yi wannan ilmi da su. Amsata ita ce babu harshen da aka haifa da su. Kafin 1787 Turawa da kansu suna kiran sinadarai da sunaye irin su sukarin dalma, da furen tutiya, da man shanun tozali. A wannan shekara ce Antoine Lavoisier da abokan aikinsa uku suka zauna a Faransa suka tsara sababbin sunaye, yadda sunan abu zai nuna abin da ya ƙunsa. Jamusawa ba su ɗauki kalmomin Faransa duka ba: oksijin suka kira shi abu mai tsami, haidirojin abin ruwa, naitirojin abu mai shaƙewa, da waɗannan kalmomi kuma suka shige gaban duniya a masana'antar sinadarai a ƙarshen ƙarni na 19. A Japan, Udagawa Yoan ya fara fitar da littafinsa na wannan ilmi a 1837, kuma kalmomin da ya ƙirƙira wa oksijin da haidirojin har yau da su ake aiki. Mu ma an fara: a ƙarshen shekarun 1940 Rupert East da Abubakar Imam suka fitar da Ikon Allah, littafin da ya yi bayanin halittu da al'amuran kimiyya da Hausa tsantsa.

Kalmar kimiyya kanta daga Larabci muka aro ta, inda take nufin wannan ilmi na sinadarai, irin wanda Jabir ɗan Hayyan da Abubakar Arrazi suka yi suna a kansa. Mu muka faɗaɗa ta ta rufe dukkan fannonin binciken halitta. Sinadari kuma asalinsa abin da maƙera ke manne ƙarfe da shi ne, ga shi yau ya ɗauki sabuwar ma'ana ba wanda ya yi gardama. Haka harshe yake girma.

A ganina kalmomin wannan darasi kashi uku ne. Kashi na farko waɗanda muke da su: dalma, zaiba, farar wuta, azurfa, zinariya, tutiya, kuza, tama, alif. Waɗannan a riƙe su. Kashi na biyu waɗanda muke da su amma sai an tsaida musu iyaka. Muna cewa man shanu ya narke a rana, muna kuma cewa gishiri ya narke a ruwa, alhali a wurin masanin sinadarai abu biyu ne daban: na farko zafi ne ya sauya shi, na biyu ruwa ne ya rarraba shi. Iska tana nufin wadda muke shaƙa, da wadda ke kaɗawa, da gas. Ƙarfe yana nufin baƙin ƙarfe, yana kuma nufin dukkan dangin ƙarafa. Wannan aiki ne na masana harshe da masana sinadarai su zauna tare. Ba Hausa kaɗai ke da irin wannan ruɗani ba: masu Ingilishi a ƙasar nan suna kiran kanwa da sunan da ke nuna fotasiyam, alhali kanwar da ake kawowa daga yankin Tafkin Cadi da ƙasar Manga gishirin sodiyam ce, fotasiyam kuwa a tokar itace ya fi yawa.

Kashi na uku su ne alamomi da sunayen da duniya ta yi tarayya a kansu. Alamomin haruffa irin su Na da K da Fe, waɗanda Berzelius na Suwidin ya fito da su wajen 1813, ba na Ingilishi ba ne, shi ya sa ma ba su dace da sunayen Ingilishin ba. Waɗannan kada a taɓa su. Sunayen kuma, waɗanda ƙungiyar IUPAC da aka kafa a 1919 ke kula da tsarinsu, nahawu gare su kamar na kowane harshe. Ɗalibin Hausa ya san cewa daga rina ake samun marini da marina, daga jeme ake samun majemi da majema: saiwa ɗaya, ɗafi ya bambanta mai yi da wurin yi. To, haka met- ke nufin kabon ɗaya, et- biyu, furof- uku, but- huɗu, ɗafin -an ya nuna dangi guda, -ol ya nuna wani. Metan, etan, furofan, butan. Biyun ƙarshe su ne gas ɗin girki. Metanol da etanol kabon ɗaya ne tsakaninsu, amma na farko kaɗan daga cikinsa yana makantarwa. In aka koya wa yaro sunayen nan a matsayin saiwa da ɗafi, ɗari zai gane daga goma.

Na san manufar gwamnati ta yi ta sauyawa. Manufar ilmi ta 1977 ta ce a fara firamare da harshen uwa. A 2022 aka amince a kai shi har aji shida, a watan Nuwamba na 2025 kuma aka soke wannan aka koma Ingilishi. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara shekara shida da Yarabanci har da kimiyya da lissafi, rahotonsa ya nuna ba su kasa takwarorinsu ba ko a Ingilishin ma. Amma abin da nake kira gare shi bai jira wata doka ba. Da Ingilishi za a rubuta jarrabawa, dole ɗalibi ya ƙware a kansa. Abin da nake cewa shi ne, kada malami ya ji kunyar tsayawa minti biyar ya warware magana da Hausa, in ta shiga sa'an nan ya mai da ita Ingilishi da alamomi.

6. Shawarwari

Ga ɗalibai: duk abin da kuka karanta, ku gwada bayyana shi ga ƙanenku ko kakarku da Hausa, ba tare da kun duba littafi ba. In kun kasa, ba ku gane ba tukuna, ku koma. Ku riƙa yin lissafin mol kullum kamar yadda ake koyon keke, domin ba a iya shi da kallo.

Ga malaman darasin: ku fara kowane babi da abin da ido ke gani kafin ku hau allo. Inda babu kayan gwaji, zoɓo da kanwa da toka da lemon tsami da ƙusa mai tsatsa ba su fi ƙarfin aljihun makaranta ba. Ku kai ɗalibai marina da majema, su dawo su rubuta abin da suka gani da alamomi.

Ga ma'aikatan ma'aikatun ilmi: takarda ta uku ta gwaji ce da hannu, kuma zalunci ne yaro ya fara taɓa bututun awo a makon jarrabawa. In ana kasafin kuɗi, sikeli da kwalabe da ruwan famfo da ma'aikacin ɗakin gwaji su zo kafin fenti da ƙofar shiga. A kuma riƙe ƙwararrun malamai a aji, kada ƙarin girma ya zama hanyar fitar da su zuwa ofis.

Ga mu masu nazarin harshe: an yi ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa a 1990, Jami'ar Bayero kuma ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Lokaci ya yi da za mu zauna da sashen ilmin sinadarai mu fitar da ɗan littafi mai bin manhajar aji ɗaya zuwa uku babi-babi, Hausa a hannun dama, Ingilishi da alamomi a hagu, mu gwada shi a makarantu kafin mu buga.

Kammalawa

Shugaban taro, jama'a, na yi ƙoƙarin nuna cewa wannan darasi ƙofa ce da yaranmu da yawa ke tsayawa a bakinta, cewa hadda ba tare da ganewa ba ita ke tsai da su, cewa gida ya ba su abin da za su fara da shi, makaranta kuma ita za ta ba su awo, harshensu ne kuma zai sada su biyun. Ƙasar da ke da matatar mai a Kaduna, da masana'antun siminti a Sakkwato da Ashaka, da ma'adinai a ƙarƙashin gonakinta, tana bukatar 'ya'yan da suka san abin da ke cikin kwalba, suka kuma iya gaya wa iyayensu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, shekarun nan uku kuwa su ne ɗanyantakar masanin gobe.

 Ina jiran tambayoyinku da gyare-gyarenku, musamman daga 'yan'uwanmu na sashen kimiyya.